Yadda Ake Jinyar Mikin Dunduniyar Doki a Lokacin Damina

Duk mai doki a Damagaram ya san cewa mafi yawan shekara ƙafar dokinsa ba ta da abokin gaba sai ƙaya da zafin rairayi. Ruwan saman da muke samu wajen milimita 400 ne a shekara, amma kusan dukansa tsakanin Yuli da Satumba yake zuba, a Agusta kuma marka ta kankama. A nan ne gindin turke ke komawa caɓi. Ruwan indararo ya haɗu da fitsari da kashi, dokin da ya saba tsayuwa kan busasshiyar ƙasa ya kwana ya wuni ƙafarsa cikin laka. Ba a jima ba sai ka ga yana ɗaga ƙafa ɗaya yana ajiyewa, ko yana dukan ƙasa da ita alhali ba ƙuda a kansa. Ka duƙa ka leƙa bayan ƙafar, cikin ɗan kwarin nan da ke saman dunduniyar kofato, ka tarar fata ta yi ja, gashi ya cure, ɓawo ya fara taruwa.

Kusan abin da ke samun mutum ne in ruwa ya ci masa tsakanin yatsu. Fatar da ta daɗe a jiƙe takan yi laushi ta tsattsage, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da suka fi yin wannan ɓarna ita ce wadda ke kawo kirci a jikin shanu da damina, masana na kiran ta Dermatophilus congolensis, don a ƙasar Kwango aka fara bayyana ta a 1915. Ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu ƙwayoyin da ke zaune a fata suna jiran ta raunana. Doki mai farar ƙafa ya fi kamuwa, saboda fatar da ke ƙarƙashin farin gashi ba ta da juriyar baƙa, kuma rana na ƙona ta. Ƙafafun baya sukan fi shan wahala domin su ke tsaye inda fitsari ke taruwa, sai kuma ƙafar da ake ɗaure igiya a kanta.

Fara da turke, kafin ka taɓa ƙafar

Ran da na fara ganin wannan miki a ƙafar dokin gidanmu, sai na ruga wajen kawuna, mutumin da ya tsufa cikin hidimar dawaki a unguwar Birni. Na ce, "Kawu, wane magani zan sayo a farmasi?" Bai ba ni amsa ba sai da ya zo ya tsaya gindin turken, ya danna ƙasar da sandarsa, ruwa ya ɓullo. Ya ce, "Ɗana, ɗauko fartanya da kwando tukuna. Magani ya jira." Shekaru sun shuɗe, har yau ban ga mikin da ya warke ba alhali doki na komawa cikin lakar da ta jawo shi.

To ka kwance dokin ka kai shi wuri mafi tudu kuma mafi bushewa a gidan, ko da zaure ne na kwana biyu. Ka kankare ƙasar gindin turken, ka kwashe duk baƙar lakar nan mai wari har ka iske ƙasa mai tauri, ka fitar da ita daga gida. Sai ka cike ramin. In kana da tsakuwa ko burji ka fara shimfiɗa su a ƙasa, ka bi da rairayi mai tsabta a sama har wurin ya yi tudu, ya fi sauran filin tsawo da kamar taƙi ɗaya, ya ɗan gangara ta wajen bayan doki. Ka haƙa 'yar hanya da za ta janye ruwa da fitsari zuwa rariya. Rairayi dai ba abin da ya yi mana ƙaranci ba ne a garin nan, amalanke ɗaya ya isa. Ka ɗaga kai ka duba rumfa ma. Sau da yawa zana ce ta ruɓe, ko indararon ɗaki ke zuba daidai inda ƙafafun baya suke. Daga nan kuma kwasar kashi safe da yamma, da sauya rairayin da ya jiƙe da fitsari, ba fashi.

Sai maganar igiya, wadda ita ce aka fi mantawa. Mu a nan da ƙafa muke ɗaure doki, kuma igiyar turke ko ta dabaibayi daidai kan wurin da mikin ke fitowa take zama. Da rani ba ta cika yin lahani ba. Da damina kuwa tana shan ruwa, ta kwashi rairayi, ta zama kamar magagari: duk motsin da doki ya yi tana goge masa fata. Igiyar roba ta fi muni. Muddin akwai miki, kada igiya ta sake hawa wannan ƙafar. Ka ɗaure shi da ragama a kai in ya saba, igiyar ba doguwa ba yadda za ta harɗe shi, ko ka mayar da ɗaurin kan lafiyayyar ƙafa bayan ka naɗe igiyar da tsumma mai laushi, busasshe, kana sauya shi duk lokacin da ya jiƙe. Kullum ka duba wannan ƙafar ita ma, kada a gudu daga tara a faɗa goma.

Kayan da za ka tanada

Ba su da yawa. Bokiti biyu masu tsabta, almakashi, tsummoki ko tsofaffin tawul da aka wanke aka shanya a rana, da yawa, don kowace ƙafa da nata. Safar hannu ta roba. Bétadine, maganin wanke ciwo: ta jar kwalba ita ce mai kumfa ta wanki, ta rawayar kwalba kuma ana tsinka ta da ruwa. In ba ka same ta ba, ka nemi maganin wanke ciwo mai sinadarin kiloheksidin. Vaseline ko man kaɗe mai kyau. Sai farin man shafawa mai sinadarin zinki, irin wanda ake shafa wa jariri in kunzugu ya ci masa jiki.

Ruwan kuma na famfo ne ko na rijiya, a tafasa shi a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Na san yadda ruwa ke da tsada a Damagaram, na kuma san da damina tafki na kusa kuma kyauta ne, har yara kan kai dawaki can su yi musu wanka. Ruwan tafki bai dace da buɗaɗɗen miki ba ko kaɗan. Lita 4 ko 5 na ruwa mai tsabta sun isa wanki ɗaya.

Kada ka yi aikin nan kai kaɗai. Mikin yana da zafi, doki mai sanyin hali ma zai iya harbi. Wani ya riƙe ragama, yana tsaye ta gefen da kake, yana yi masa magana. In ƙafar baya kake wankewa, mutum na uku ya ɗaga ƙafar gaba ta wannan gefen, hakan na rage masa damar harbi. Kai kuma ka tsaya a gefensa, jikinka kusa da nasa, ka tsuguna kan ƙafafunka yadda za ka iya tashi nan take. Ba a zama dirshan, ba a durƙusawa, ba a kuma tsayawa daidai bayansa. A kori yara daga wurin. Hantsi ya fi dacewa, bayan ya ci, rana ta fito, don ƙafar ta sami yinin bushewa.

Aski, laushin ɓawo da wanki

Da almakashi za ka rage gashin da ya kewaye mikin, har da jelar gashin nan da ke sauka daga gaɓa tana ɗigo ruwa cikin kwarin. Ka datse shi gajere. Kada ka sa reza, aske fata ƙwal yana ƙara buɗe ƙananan raunuka.

Yanzu ɓawon. A nan mutane suka fi yin kuskure, ta hanya biyu. Wani ya bar shi, ya riƙa shafa magani a kansa, alhali ƙwayoyin suna ƙarƙashi, inda iska ba ta kai musu, magani ma bai kai. Wani kuma ya sa farce ya ɓamɓare shi a bushe, jini ya zuba, doki ya tsorata, gobe ba zai bari a taɓa ƙafar ba. Ɓawon dole ya fita, amma da lallashi.

In bai yi tauri ba, ka jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka riƙe a kai minti 10 zuwa 15, kana sake jiƙawa. In kuwa ya yi kauri ya ƙanƙare, ka lafta masa Vaseline ko man kaɗe da yamma, ka rufe da tsumma mai tsabta, ka ɗaura sako-sako yadda yatsanka zai shiga ƙarƙashi, ya kwana a busasshen wuri. Da safe za ka tarar mafi yawansa ya saki. Kwana ɗaya ake yin wannan ɗauri, in ya yi yawa biyu. Ƙafar da ta daɗe a rufe cikin ɗumin damina takan ƙara ruɓewa, ɗauri mai tsauri kuma yana hana jini gudu, illarsa ta fi ta mikin.

Sai ka sa safar hannu ka yi wanki. In Bétadine mai kumfa kake amfani da ita, ka jiƙa wurin, ka zuba kaɗan a tafin hannu, ka murza a hankali da cikin yatsu har kumfa ta rufe mikin da kewayensa. In ta rawayar kwalba ce, ka ɗiga ta cikin ruwan ɗumi har launinsa ya yi kamar shayi na uku. Ba a zuba ta tsantsa kan ɗanyen nama. Ka bar maganin a kai minti 10 cur, ka duba agogo, don a wannan zaman ne yake aikinsa. Cikin lokacin, ɓawon da ya yi laushi zai riƙa zamewa ƙarƙashin yatsanka, sau da yawa da 'yan gasu maƙale a jikinsa, ƙarƙashinsa ja ko da 'yar mugunya. Wanda ya ƙi fita ka ƙyale shi zuwa wanki na gaba. Ka ɗauraye sosai da ruwa na bokiti na biyu har kumfa ta ƙare, saboda ragowar maganin kan busar da fata ta tsage.

In babu Bétadine a ranar, ruwan gishiri ya wadatar: ƙaramin cokali biyu, ba tozo, cikin lita 1 na tafasasshen ruwa. Kada ka ƙara da nufin ya fi ƙarfi, zafi kawai zai ƙara wa dabbar.

Ɓawon da ya faɗo ka tattara shi ka jefa a wuta. Ƙwayar kirci tana daɗewa da rai a cikinsa har watanni, in ya zube a gindin turke yana nan yana jiran ruwa na gaba. Tana iya kama hannun mutum ma in akwai rauni, shi ya sa na ce safar hannu, ka kuma wanke hannu da sabulu in ka gama.

Busarwa

Na ware wannan dabam don shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne mai gaggawa ke tsallakewa. Wanda ya wanke ƙafa ya bar ta a jiƙe ya ƙara wa Barno dawaki, ruwa ne ya jawo ciwon shi kuma ya ƙara wani. Ka ɗauki busasshen tsumma ka riƙa dannawa, ba gogewa ba, ka shigar da shi cikin kwarin da tsakanin dunduniyoyin biyu. Ya jiƙe, ka ɗauki wani. Tsumman ƙafa ɗaya bai taɓa wata. Daga nan ka tsayar da dokin kan busasshen rairayi inda iska ke kaɗawa, rabin awa ko fiye, har ka sa bayan hannunka ka ji ba sauran danshi a gindin gashi. In mai farar ƙafa ne, a inuwa mai iska za ka tsayar da shi, ba cikin tsakar rana ba, don fatar da aka aske wa gashi ba ta jure ƙuna.

Tsummokin a tafasa su ko a jiƙa su cikin ruwan Javel mai kashe ƙwayoyin cuta, a shanya a rana. Almakashi da buroshi ma haka. In dawakinka sun fi ɗaya, mai ciwon da nasa kayan.

Abin da ake shafawa, da abin da ba a shafawa

Bayan ƙafar ta bushe sarai, ka shafa man zinkin nan siriri, sau ɗaya ko biyu a rana. Yana kwantar da fata, yana kuma kare ta daga danshi. In wurin ɗanye ne yana tsatsafo da ruwa, man ƙuna da ake kira Flammazine yana da kyau a kai, ka tambayi likitan dabbobi ya tabbatar maka. Ka'ida ɗaya ce ba ta canzawa: mai ba ya hawa jiƙaƙƙiyar fata ko mai datti. In ka lafta shi haka, ka kulle ruwa da ƙwayoyi a ciki. Kafin kowace sabuwar shafa ka share tsohuwar da tsumma mai tsabta. Ba a ɗaure wurin, a bar shi ya sha iska.

Akwai abubuwan da nake roƙon ka da ka nisanta su daga ƙafar dokinka, ko wa ya ba ka shawarar. Baƙin man inji na farko. Na ga ƙafar da aka shafa wa shi mako guda, fatar ta ƙone, mikin da bai kai faɗin dala ba ya zagaye ƙafar, sai da dokin ya yi wata biyu ba a ɗora masa sirdi ba. Girezil na wanke ƙasa da makewayi ne, a kan nama ƙuna yake yi. Ruwan batir, kananzir, toka da kanwa duk ƙuna suke yi. Man shafe-shafe na ƙarin hasken fata yakan ɓoye kumburi kwana biyu, ƙwayoyin kuwa su ƙara bazuwa. Mafi haɗari shi ne maganin kaska na shanu mai sinadarin amitaraz: guba ne ga doki, yana tsayar masa da hanji, yana iya kashe shi ko da a fata aka zuba.

Bagaruwa fa? Ita ce majemanmu ke jeme fata da ita, tana tsuke nama tana rage tsatsafo. Ban hana a tafasa ta, a tace sosai, a bar ruwan ya huce a ɗauraye miki marar zurfi da shi ba, sannan a busar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne barbaɗa garinta a kai. Yana haɗuwa da ruwan ciwo ya zama wani sabon ɓawo mai tauri, ka ga sama a bushe ka ɗauka an warke, ƙasa kuwa mugunya na taruwa.

Kwanakin da ke biye

Kwana biyu ko uku na farko, muddin ɓawo na fita, kana iya wanki kullum. Da zarar ya ƙare ka rage zuwa sau ɗaya bayan kwana biyu ko uku, don yawan wanki na kwashe maiƙon da ke kare fata. A sauran ranakun sharewa da shafa mai kawai. In ya taka laka, ka bari ta bushe ka kakkaɓe ta da buroshi mai laushi a kewayen, mikin kansa ka share shi a hankali.

Ka riƙa jan sa da hannu safe da yamma, minti 15 zuwa 20, a kan busasshiyar hanya, bayan raɓa ta ɗauke. Tafiya na rage kumburin ƙafa, tsayuwa wuri ɗaya na ƙara shi. Ban da sukuwa, ban da kiwo a fadama ko bakin tafki. In wani hawa ya matso, ka yi haƙuri ka ari doki ko ka bar shi ya wuce. A 2019 da 2020 babbar salla cikin tsakiyar damina ta faɗo, kuma kowa ya san kunyar a ce dokin gidanku bai fita hawa ba. Amma kwarin nan yana buɗewa yana rufewa da kowane taku, yini ɗaya na hawa na iya mayar da aikin mako biyu baya. Ƙuda ma abin lura ne: tsabtar barga da ɗan hayaƙi da magariba na rage shi, kuma kullum ka duba kada ya yi ƙwai tsutsa ta fito. Ka ɗaga kofaton ka kwashe abin da ya cushe a ƙarƙashinsa. In ka ji ɗoyi, ka ga baƙin abu mai laushi cikin tsagar tsakiya, shi ma ruɓewar damina ce, a wanke da Bétadine a bar shi ya bushe.

Mikin da aka kama da wuri yakan nuna sauƙi cikin mako guda, ya rufe cikin biyu zuwa uku.

Lokacin da aikin ya fi ƙarfin gida

Ka nemi likitan dabbobi, na ma'aikatar kiwo ko mai zaman kansa, a ranar, in ka ga ƙafar ta kumbura ta haura gaɓa tana zafi, ko doki ya ƙi taka ta, ko ya bar cin abinci. In kana da ma'aunin zafi ka auna ta dubura: lafiyayyen doki tsakanin digiri 37.5 da 38.5 yake, abin da ya haura haka zazzaɓi ne. Wannan alamar ƙwayoyin sun shiga ƙarƙashin fata, sai da allura, kuma likita ne zai faɗi irinta da yawanta da adadin kwanaki. Kada ka sayi kwalbar da ta wuni cikin rana a kan tebur ka soka masa da ka.

Ka kira shi kuma in kwana 7 sun cika ba canji. Wataƙila ba ruwa kaɗai ba ne. Akwai ƙananan ƙwari masu kawo ƙazwar ƙafa, doki ya yi ta dukan ƙasa yana cizon ƙafarsa. Akwai gyambon da ƙuda ke zuba wa 'ya'yan tsutsar ciki, ya yi tsiron jan nama ya ƙi rufewa har sanyi ya shigo. Akwai kuma wanda na fi tsoro: ka ga ƙulle-ƙulle sun jeru kamar carbi daga mikin suna hawa ƙafa, suna fashewa da mugunya mai kauri. Wannan yana bin jijiyoyin ruwan jiki ne, yana yaɗuwa tsakanin dawaki ta ƙuda da kayan aiki. Ka ware dokin nan take, kada a haɗa masa komai da sauran.

Tun ranar farko ma yana da kyau ka tambayi likita batun allurar rigakafin tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki. Ƙwayarsa cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ta ƙaramin rauni take shiga, doki kuwa na cikin dabbobin da ta fi kamawa. In ka ga jikinsa ya sandare, kunnuwa sun miƙe ƙyam, baki ya ƙi buɗuwa, ba batun jiran gobe.

In fata ta rufe, sabon gashi ya fara tsirowa, kada ka yi saurin mayar da igiya. Sabuwar fatar siririya ce, ka ƙara mata mako biyu. Ran da za ka mayar, igiyar ta zama ta auduga ko ta rama mai laushi, a naɗe da tsumma, kana sauya ƙafar ɗauri daga rana zuwa rana. Duk ranar da hadari ya haɗu, ka shafa ɗan Vaseline a busasshen kwarin kafin ruwa ya sauko, in ya ɗauke kuma ka share, ka busar, ka sa yatsa ka laluba duka ƙafafun huɗu. Haka za ka yi ta yi har ruwa ya janye a shiga kaka.